Wa Zai Tsaya Maka? Hali da Hulɗa Wajen Neman Aiki

 

Kwanan baya, bayan sallar La'asar, ina zaune a zaure ina jiran rana ta yi sanyi, sai wani saurayi ya yi sallama, riƙe da ambulan ruwan ƙasa wadda gefenta ya fara yagewa saboda yawan yawo da ita. Ɗan wani aminina ne da Allah Ya yi wa rasuwa, kuma rabona da ganinsa tun ranar sadakar bakwai ta mahaifinsa, shekara shida ke nan. Ya durƙusa ya ce, "Baba, ina wuni," amma tun ban gama tambayarsa lafiyar mahaifiyarsa ba ya miƙo mini ambulan, ya ce, "Baba, an ce kun san wani a sakatariya. Yanzu aiki sai da hanya, mu kuwa ba mu da kowa." Na karɓa na duba, na ga takardu lafiya lau, har da ta kammala hidimar ƙasa. Sai na ce masa, "Ɗana, a cikin shekara ukun nan da ka dawo, wa ka yi wa aiki, ko da na yini guda ne, wanda in an tambaye ni zan ce a je a tambaye shi?" Ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma, bai ce komai ba.

Ba zan zalunci wannan yaro in ce kukansa ba shi da asali ba. Tun da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato ranar 27 ga Agusta 1991, makarantu sun yawaita a cikinta, har ya zamana kwalejin Waziri Umaru da ke nan Birnin Kebbi, da ta Adamu Augie a Argungu, da jami'ar jiha ta Aliero, da jami'ar tarayya da aka kafa a 2013, kowacce tana yaye ɗalibai shekara bayan shekara, alhali kujerun ofis ba sa haihuwa kamar yadda kwalaye ke haihuwa. Son kai kuwa yana nan, kowa ya san mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya, kuma da babu wannan cuta a ƙasa da ba a bukaci kafa hukumar daidaita rabon muƙaman tarayya a 1996 ba. Duk wannan na yarda da shi. Abin da nake so mu tsaya a kansa yau shi ne kalmar nan "hanya", domin mun cusa abubuwa biyu masu nisa da juna a cikinta, har ɗayan ya ɓata wa ɗayan suna.

Na farko shi ne alfarma irin wadda ake ture mai haƙƙi a ɗora wanda bai cancanta ba don shi ɗan wane ne, kuma wannan zalunci ne ko da an yi masa ado da sunan zumunci. Na biyu shi ne shaida, wato mutum ya ce, "Na san wane, na ga aikinsa, in kun ɗauke shi ba za ku yi nadama ba." Wanda duk ya zauna gaban malami ya karanci babin hukunci da shaida a cikin Risala ya san alƙali ba ya karɓar shaidar mutumin da bai san adalcinsa ba sai an yi masa tazkiyya, sai an sami amintattu sun tabbatar da cewa shi adali ne yardajje. An kuma ruwaito cewa wani mutum ya zo zai wanke wani a gaban Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, sai Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne da ya san shigarsa da fitarsa, ko sun taɓa tafiya tare, ko kuwa mu'amalar kuɗi ta taɓa haɗa su. Da ya ga babu ko ɗaya daga cikin ukun, sai ya hukunta cewa bai san shi ba. To, mai ɗaukar ma'aikaci, ko shugaban ma'aikata ne ko mai shagon sayar da taki a babbar kasuwa, yana cikin irin halin da alƙali yake ciki: zai danƙa dukiya da asiri a hannun wanda bai sani ba, takarda kuwa tana gaya masa abin da mutum ya karanta, amma ba ta gaya masa ko zai zo a kan lokaci, ko zai mayar da canji, ko zai iya haɗiye fushi. Saboda haka yake neman wanda zai tsaya, shi kuma mai tsayawar mutuncinsa ne yake bayarwa jingina. Abin da ya ɗaure mini baki a zauren nan ke nan, domin ban zauna da yaron ba, ban yi tafiya da shi ba, ko kwabo bai taɓa shiga tsakaninmu ba.

Wannan al'amari bai keɓanta da mu ba. A wajajen shekarar 1970 wani masanin zamantakewa Ba'amurke, Mark Granovetter, ya tambayi mutane 282 a garin Newton kusa da Boston, dukkansu ma'abuta ilimi da ƙwarewa, yadda suka sami aikin da suke yi, sai ya tarar kimanin kashi 56 cikin 100 ta bakin wani da suka sani suka samu, a ƙasar da muke zaton kome da jarrabawa ake yinsa. Abin da ya fi ba shi mamaki, har ya rubuta maƙala a kansa a 1973, shi ne cewa a cikin waɗanda ya zurfafa wa tambaya, kimanin kashi 17 cikin 100 ne kawai suka ji labarin aikin daga wanda suke gani a kai a kai. Sauran daga mutanen da sai jifa-jifa ake haɗuwa suka ji, kamar tsohon abokin karatu ko wanda aka taɓa aiki tare. Dalilin ba boyayye ba ne ga mai tunani. Ku dubi majalisar samari a kowace shiyya ta garin nan, Nassarawa ce ko Badariya ko Makera Gandu: mutum takwas a kan benci ɗaya, shayi ɗaya, hira ɗaya, abin da ɗaya ya sani sauran bakwai sun riga sun sani, kuma in dukkansu zaman jira suke yi, babu mai labarin da zai amfani wani. Labarin da ba ka da shi yana wurin wanda yake zama inda ba ka zama, direban da ke jigila tsakanin Jega da Legas, ko malamin da ya koyar da kai a firamare ya koma Yawuri, ko wanda kuka kwana ɗaki ɗaya a sansanin masu hidimar ƙasa na Dakingari. A 2022 an buga wani bincike da aka yi a kan mutane fiye da miliyan 20 masu amfani da dandalin LinkedIn, ya ƙarfafa wannan magana, tare da ƙarin cewa sanayya matsakaiciya ita ta fi kawo aiki, wadda ba ta kai aminci ba kuma ba ta yi raunin sanin shanu ba.

Mu kuwa da muka tashi da Alƙur'ani, ai mun san wanda ya ambaci Annabi Yusufu, aminci ya tabbata a gare shi, a gaban sarkin Masar. 'Yan'uwansa na jini su suka jefa shi a rijiya. Wanda ya zama sababin fitarsa abokin zaman kurkuku ne da ya taɓa fassara wa mafarki, wanda har ya manta da shi shekaru, sa'an nan ya tuna ranar da bukata ta taso.

To, a nan ne hali yake shigowa, domin ƙulla irin wannan sanayya ba daidai take ga kowa ba. Akwai wanda Allah Ya halitta da sakin fuska da sauƙin baki, in ya shiga mota daga Birnin Kebbi, kafin a isa Argungu ya san sunan kowa da sana'arsa, har an yi musayar lambar waya. Akwai kuma mai nauyin baki, wanda zai zauna kusa da kai awa guda bai wuce amsa gaisuwa ba, kuma in aka ce ya je ya ga wani babba sai ya kwana bai yi barci ba. A shekarar 2000 wata malama ta Jami'ar Minisota, Connie Wanberg, tare da abokan aikinta, sun bi diddigin ɗaruruwan mutanen da suka rasa aiki, suka ga cewa ɗabi'u biyu ne suka fi tafiya tare da yawan tuntuɓar mutane: son shiga jama'a, da kuma himma da tsare alkawari. Amma sun ga wani abu kuma, wanda nake so masu nauyin baki su saurara da kyau, cewa yawan tuntuɓar shi kaɗai bai sa mutum ya riga wasu samun aiki ba idan aka yi la'akari da sauran ƙoƙarin da yake yi. Alal haƙiƙa na sha ganin haka da idona. Mai surutu yana riga kowa shiga gidaje, amma in halinsa bai da kyau, yawan shigar tasa ita ce take yaɗa aibinsa, sai ya zama duk garin an san shi kuma babu mai tsaya masa.

Bari in ba ku labarin wani yaro na wajen Argungu, wanda in da ana ba da lambar yabo ta kunya da shi zai karɓa. Kun san tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a nan Kebbi a watan Nuwamba 2015, aka kuma buɗe babban injin casa a Argungu a 2017, sana'o'i da yawa suka taso a gefen shinkafa, awo da lodi da tsaron sito da lissafi da gyaran injin ban ruwa, kuma mafi yawansu ba a shelarsu a jarida ko a rediyo, daga baki zuwa kunne ake cike su. Wannan yaro yana da difloma a fannin lissafin kuɗi, amma da kaka ta yi sai ya bi wani dillalin shanshera yana rubuta masa buhuna a bakin sikeli, a rana tsaka, ƙaiƙayi na cin wuyansa, a kan ladan da bai taka kara ya karya ba. Wata rana da magariba, bayan mota ta tashi, ya sake bin lissafinsa ya ga an ƙwari wani tsoho manomi buhu biyu. Ya gaya wa maigidansa, ya hau babur a daren nan ya kai wa tsohon kuɗinsa har ƙauye. Bai ba kowa labari ba, amma direban motar ya ji, shi kuwa direba ba ya riƙe magana. Bayan wata huɗu wani ɗan kasuwa mai sito a Jega yana neman wanda zai riƙe masa littafi, ya yi zancen a tasha, direban ya ce, "Alhaji, in mai amana kake so, akwai wani yaro, sai dai ba ya magana." Alhajin ya ce, "Ai ba maroƙi nake nema ba." Yau shekara huɗu yana can, makullan sito duk suna hannunsa.

Wannan ƙissa tana tuna mini da Annabi Musa, aminci ya tabbata a gare shi, a bakin rijiyar Madyana, baƙo, gajiyayye, ba shi da kowa a garin, ya shayar wa mata biyu dabbobinsu ba tare da ya nemi lada ba, ya koma inuwa ya roƙi Ubangijinsa. Ɗaya daga cikin matan ce ta shawarci mahaifinta ya ɗauke shi aiki, hujjarta kuwa ƙarfinsa da amanarsa, abubuwa biyu da ta gani da idonta a cikin yini guda. Haka Nana Khadija, Allah Ya ƙara mata yarda, labarin gaskiya da amanar Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, shi ya riga isa kunnenta kafin ta ba shi dukiyarta ya tafi Sham.

Sai dai kada mai kunya ya ji wannan ya ce shi ke nan, zai naɗe hannu a ɗaki har a zo a neme shi. Kunya tana daga imani, wannan babu ja, amma kunyar da shari'a ta yaba ita ce mai hana aikata abin ƙi, ba mai hana mutum ya ce "ina neman aiki" ba. Mun tashi an hore mu cewa yabon kai jahilci ne, shi ya sa ɗan Kabi zai zauna gaban masu tantancewa a tambaye shi abin da ya iya, sai ya ce, "To, muna dai taɓawa," alhali shi ne ya fi kowa a ajinsu. Ku tuna Annabi Yusufu da bakinsa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kuma ambaci tsaronsa da saninsa, malamai kuwa sun kafa hujja da wannan cewa ya halatta mutum ya faɗi abin da ya iya a inda ba a san shi ba, matuƙar gaskiya ne kuma akwai maslaha. Wanda harshensa ke sarƙewa a gaban manya, ya fara da abin da ya fi masa sauƙi, ya je wurin malaminsa na makaranta ya ce, "Allah shi gafarta Malam, na gama karatu kaza, na iya kaza, in an ji wani wuri a tuna da ni." Magana ce da ba ta kai minti biyu ba, kuma shawara ya nema, bai ɗora wa kowa nauyin da ba zai iya ɗauka ba.

Abin da ya fi kunya ɓarna, a ganina, shi ne girman kai da ke zuwa tare da kwali. Na san samari da suka daina gaida masu ɗinki da makanikai na shiyyarsu tun ranar da suka sa rigar yaye ɗalibai, suna ganin hulɗarsu yanzu sai da masu kwat da manyan riguna, ba su san cewa makanikin nan shi ke gyara motar darakta, kuma darakta yana zama a bencinsa awa biyu suna hira ba. Kishiyarsa kuma shi ne tumasanci, mutum ya mai da kansa ɗan kore a ƙofar masu mulki, yau kirari gobe gulma, yana zaton yana gina hanya, alhali wanda yake yi wa fadancin ya riga ya auna shi, zai iya ba shi na cefane amma ba zai ba shi makulli ba. Ga kuma mai gaisuwar bukata, irin baƙona na zaure, wanda ba a ganinsa wajen suna ko jana'iza ko dubiya sai ranar da ambulan ta yi nauyi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mutanen Argungu ma shaida ne a kan abin da takawa da ƙafa ke haifarwa, domin bikin kamun kifin da duniya ke zuwa kallo a Matan Fada, a sigarsa ta yanzu, ya faro ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo a 1934, bayan tsawon zamani na gaba tsakanin Kabi da Sakkwato.

Magabatanmu na wannan ƙasa sun san darajar riƙe mutane. Malam Abdullahi na Gwandu, duk da zurfin iliminsa da yawan wallafe-wallafensa, ya keɓe littafi guda, Ida'un Nusukhi, don ambaton malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya karanta gaban kowanne, domin a wurinsu ilimi da isnadi yake tafiya, ana tambayar daga wa ka ɗauka kafin a saurare ka. Fatake ma haka. Wani masani, Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan ya fitar da littafinsa a 1969, ya bayyana yadda ake sayar da garken shanu bashi ga mahauta ba tare da wata takarda ba, sai maganar maigida da dillalinsa, kuma wanda ya ci amana sau ɗaya labarinsa kan riga shi isa ko'ina. Yau wayar hannu ta ƙara wa wannan sauri. Abin da ka rubuta a Facebook cikin fushi, zagin da ka yi wa dattijo don siyasa, yana nan ajiye, mai niyyar ɗaukarka kuwa yakan duba kafin ya kira ka.

'Yan'uwana mata, ban manta da ku ba. Da yawa daga cikinku ba ku zama majalisa ko tasha, amma kuna da makarantar Islamiyya, da adashi, da gidan biki, da ƙawayen makaranta da aure ya watsa su garuruwa, kuma uwar adashin da ta ga shekara uku ba ki taɓa saɓa zubi ba ta fi kowa sanin amanarki. Sai dai in wani ya ce zai yi miki hanya amma sai kin same shi ke kaɗai a wani wuri, ki gaya wa mahaifinki ko yayanki ko mijinki tun kafin ki amsa masa. Haka kuma, maza da mata, duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai sayo takardar ɗaukar aiki, ku guje shi. Na san gidan da aka sayar da gona a fadama saboda irin wannan, takardar ta fito ta jabu, mai karɓar kuɗin kuma ya kashe waya.

Baƙona na zaure ban kore shi ba, ban kuma yi masa ƙaryar cewa zan yi magana ba. Na haɗa shi da wani ƙanena mai makarantar firamare ta kuɗi, na ce ya koyar da lissafi zango ɗaya a ga kamun ludayinsa, in ya yi kyau ni da ƙafata zan kai takardunsa inda suka dace. Ya ɓata fuska da farko, amma ya je, kuma ranar Juma'ar da ta wuce ya zo gaishe ni hannu rabbana, babu ambulan.

Ku kuma iyaye da manyan ma'aikata da 'yan kasuwa da ke saurarena, roƙona gare ku shi ne, in yaro ya kawo muku takarda kuka san ba za ku iya ba, ku gaya masa gaskiya a ranar, kada ku ce "ka dawo jibi" har takalminsa ya ƙare. In kuwa kun san shi sani na haƙiƙa, kun ga aikinsa, to kada ku jira sai ɗan wane ne kafin ku buɗe baki.